Ƙarar da ke Mutuwa a Zaure

A karkarar Kano, shari'ar fyaɗe ba kasafai take kaiwa ranar yanke hukunci ba. A hanya take mutuwa, kuma inda ta fi mutuwa shi ne zauren gidan uban yarinyar, tsakanin sallar isha'i da lokacin kwanciya. A kan wannan zaure nake son yin magana, kuma zan kafa misali da Dagumawa, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Wudil. Ban ɗauko ta don ta fi wani gari laifi ba. Na ɗauko ta ne saboda ba ta da uzurin nisa. Wudil gari ne mai babban asibiti da ofishin 'yan sanda da kotu, ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe tun 2001, kuma a ƙasar Wudil ɗin ce makarantar horar da manyan jami'an 'yan sandan Najeriya take. Daga nan zuwa birnin Kano tafiyar kilomita 40 ce da 'yan kai, a kan babban titin Maiduguri. In har uba a irin wannan wuri zai ga janye ƙara ya fi masa sauƙi, me za a ce da wanda ke can ƙuryar Doguwa ko Sumaila?

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda zaman yake kasancewa. Abu ya faru, an kama saurayi ko magidanci, yana hannun hukuma. Ba a yi kwana biyu ba sai a yi sallama da maigida. Ya fito ya tarar da mutum huɗu ko biyar: wan wanda ake zargi, da wani dattijo da ake jin nauyinsa a unguwa, wani lokaci da mai unguwa, wani lokaci har da na'ibin liman. A shimfiɗa tabarma, a yi doguwar gaisuwa, a tambayi iyali, a tambayi damina. Sannan dattijon ya gyara murya.

"Malam, mun zo ne a kan abin nan da ya faru. Wallahi babu wanda ya ji daɗi. To amma ƙaddara ta riga fata. Yaron nan ɗanka ne, yarinyar nan 'yarsu ce. In aka bar maganar nan ta je birni, sunan wa zai ɓaci? Mace ce fa, gobe aure za ta yi. Ka dubi girman Allah, ka dubi zumunci, a rufa wa juna asiri."

Sai wani ya turo 'yan kuɗi a naɗe ƙarƙashin gefen tabarma, ya ce ga wannan a yi wa yarinya magani. Maigida kansa a sunkuye. In ya ce zai yi shawara, gobe su dawo da wanda ya fi na jiya girma. In ya cije, a bi ta wajen mahaifiyarsa, ko surukinsa, ko mutumin da ke ba shi bashin taki duk shekara. A duk tsawon wannan zama ba wanda ya tambayi yarinyar komai. Tana ɗaki ba ta iya zama sosai, ana gasa mata jiki da ruwan zafi. Uwarta ma, wadda ita ta ga jinin, ita ta wanke zanen, sau da yawa sai da safe take jin cewa maza sun gama magana.

Ba uban zan fara ɗora wa laifi ba, domin na san hanyar da ke gabansa in ya ƙi. Zai kai rahoto ofishin 'yan sanda, a tura su asibiti. Tunda babban laifi ne, sai a miƙa fayil ɗin sashen binciken manyan laifuka a Bompai. Daga nan a gurfanar da wanda ake zargi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraren shari'ar fyaɗe, iyakarsa ya ba da umarnin a tsare shi a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse. Fayil ya tafi ma'aikatar shari'a jiran shawarar lauyoyin gwamnati, abin da kan ɗauki watanni. Sai an gama wannan kafin a shiga babbar kotu, a fara kirga ɗage zama. Kowace tafiya kuɗin motar mutum uku ce, shi da yarinyar da uwarta, ga abinci, ga 'yan kuɗaɗen da ba su da rasit da ake ta tambayarsa a hanya. In damina ce ya rasa yinin noma. In mai neman abinci ne a kara, duk abin da ya samo ranar Juma'a a kasuwar shanu ta Wudil a mota zai ƙare kafin wata Juma'ar. Ana cikin haka sai a ba da belin wanda ake zargi, ya dawo gari ya zauna a majalisarsu ta bakin hanya, yarinyar ta riƙa wucewa ta gabansa in an aike ta. Mutumin da ya sha wannan wata shida, sannan dattawa suka sake yi masa sallama, gajiya ce ta kayar da shi. Mu kuma sai mu yaba masa, mu ce Malam wane mai haƙuri ne.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka sami wani taimako a cikinsu ba su kai biyar cikin ɗari ba. Abin da shiru ke haifarwa kuma mun gan shi a Kwanar Ɗangora a watan Yunin 2020, lokacin da 'yan sanda suka kama wani mutum da ake zargi da yi wa mata 40 fyaɗe a gari ɗaya cikin kimanin shekara guda, daga yara 'yan shekara 10 har tsohuwa mai shekara 80. Kafin a kai ga ta arba'in, akwai ta farko da ta biyu da ta goma. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Duk gidan da aka lallasa ya yi shiru, gidan maƙwabcinsa aka buɗe wa mai laifin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a dokar Najeriya uba ba shi da ikon janye wannan ƙara tun asali. Fyaɗe laifi ne da aka yi wa hukuma, shi ya sa in aka kira shari'ar a kotu ake cewa gwamnati ce ke ƙarar wane. Uban da 'yarsa shaidu ne kawai. Sashe na 211 na tsarin mulki ya ba Antoni Janar na jiha ikon dakatar da shari'ar laifi, kuma dokar Penal Code ta mayar da karɓar kuɗi ko bayarwa don a kare mai laifi daga hukunci wani laifin na daban. A takarda ke nan. A aikace kuwa ba sai an rubuta takardar janyewa ba. Ya isa a daina zuwa. A kira shari'a yau babu shaida, a kira wata mai zuwa babu shaida, lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe ya roƙi a kori ƙarar, alƙali kuma ba shi da abin da zai riƙe. Wasu ma ba sa barin ofishin 'yan sanda: a je da dattawan nan a ce mun sasanta a gida.

Akwai kuma abin da ke kashe shari'ar tun daren farko. Dokar Shaida ta 2011 ta ce yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ne ba tare da rantsuwa ba, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai an sami wata hujja da ta ƙarfafa ta. Wannan hujja galibi takardar likita ce. To kwana ukun da ake ɓatawa ana zaman zaure, ana wanke jiki da tufafi, su ne kwanakin da likita zai iya ganin abin da zai rubuta. Su ne kuma awa 72 da maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki a cikinsu. In suka wuce, an yi asarar shari'a, ana iya yin asarar lafiyar yarinya ta har abada.

Duk lokacin da wani mummunan labari ya tayar da hankalin jama'a, abin da muke nema shi ne a tsananta hukunci. Kano ta gyara dokarta a 2014, ta sa ɗaurin rai da rai ko aƙalla shekara 14. Gwamnonin ƙasar nan sun ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe a Yunin 2020, kuma a watan Satumbar shekarar Kaduna ta kai ga dokar dandaƙa. Ba na jayayya da cewa mai wannan aiki ya cancanci hukunci mai tsanani. Sai dai ina ganin mun manta da wani abu: duk yadda hukunci ya ƙara nauyi, haka tawagar da ke zuwa zaure take ƙara girma. Yanzu dattijon yana da sabuwar magana a bakinsa. "Kana so a ce kai ka sa aka ɗaure ɗan wane har ya mutu? Da wane ido za ka kalli uwarsa?" Mun ɗora wa talaka guda nauyin rayuwar wani, alhali ba shi ya yi laifin ba, ba shi ya rubuta dokar ba. Hukuncin da ba a kaiwa gare shi kuwa, komai tsananinsa, ba ya tsorata kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake shigo da sunan Allah cikin wannan ciniki. Mu mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu ba su bar wannan magana a duhu ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin ilimi a ƙasar Hausa ya bi ta kanta, ta bayyana cewa ba a yin ceto a laifin sata da zina in magana ta riga ta kai ga hukuma. Kowa ya san labarin matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata, manyan Ƙuraishawa suka turo Usama ɗan Zaid ya nema mata sassauci saboda kusancinsa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da irin ɓacin ran da Annabi ya nuna a kan haka. Wannan tawaga ce ta masu faɗa a ji, ta je neman a rufa asirin 'yar babban gida, aka mayar da ita. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya tafi a kan cewa wanda ya tilasta wa mace, bayan haddi, sai ya biya ta sadakin irinta, ita kuma babu komai a kanta. A lura, ita ake biya. Haƙƙinta ne, kuma waliyyi amintacce ne a kan haƙƙin ƙaramin yaro, an ba shi iko ne don ya kare maslahar yaron. Ko a kisan kai, inda Alƙur'ani ya buɗe wa dangi ƙofar yafewa, Malikiyya sun ce wanda aka yafe wa kisan ganganci sai an yi masa bulala 100 an tsare shi shekara guda, kisan gilla na yaudara kuwa babu yafiya a cikinsa sam. Dalilinsu shi ne akwai haƙƙin jama'a a ciki wanda dangi ba su mallaka ba.

Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Ishbiliya a Andalus wanda ya rasu a 1148, ya ba da labarin wata shari'a da ta zo gabansa a littafinsa na hukunce-hukuncen Alƙur'ani. Wasu 'yan fashi ne suka tare ayari suka ɗauke mace da ƙarfi. Masu fatawar garin suka ce wannan ba fashi ba ne, tunda ba dukiya aka ƙwace ba. Ya yi musu raddi mai zafi, ya nuna musu cewa ƙwace mutuncin mace ya fi ƙwace dukiya muni, domin mutum zai yarda a kwashe duk abin da ya mallaka da a taɓa matarsa ko 'yarsa. Shekara kusan 900 ke nan. Malamin da zai zauna a tabarma yau ya ce wa uba yafiya ce ta fi lada a wannan wuri, ya san bai ɗauko maganar daga waɗannan littattafai ba. Rufin asirin da addini ya kwaɗaitar a kai na wanda ya yi saɓo tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wanda ya danne 'yar shekara tara a kango, asirin da ya kamata a rufa na yarinyar ne, kuma ana iya rufa shi ba tare da an saki wanda ya cuce ta ba: a ɓoye sunanta, a saurari shaidarta a keɓe, a hana hotonta yawo a waya.

Ƙasar da Ibnul Arabi ya yi alƙalanci a cikinta ita ce Sifaniya ta yau, kuma su ma sun sha fama da irin wannan.  Gawarwakin mata ne suka tilasta musu zama su tantance wace ƙara za a bar mai ita ya saka, wacce ba za a bari ba. A Disambar 1997 wata dattijuwa mai shekara 60, Ana Orantes, ta fito a talabijin ta ba da labarin shekara 40 na dukan da ta sha a gidan aure. Bayan rabuwarsu an yi musu sulhu a kan su ci gaba da zama gida ɗaya, ita a sama shi a ƙasa. Kwana 13 da yin hirar tsohon mijin ya zuba mata fetur ya cinna mata wuta. A 2004 majalisar Sifaniya ta amince baki ɗaya da dokar da ta hana yin sulhu a shari'ar cin zarafin mata. Fotugal ta riga su: tun 2000 ta mayar da azabtar da abokin aure laifin da hukuma ke bi ko da wadda aka cuta ta ce ta fasa.

A Birazil, inda ake magana da harshen Fotugal, mijin Maria da Penha ya harbe ta a baya a 1983 tana barci, ta shanye daga ƙugu zuwa ƙasa, bai shiga gidan yari ba sai 2002. Dokar da aka sa wa sunanta a 2006 ta ce macen da ke son janye ƙorafi sai ta zo gaban alƙali da kanta, a zama na musamman, lauyan gwamnati yana wurin, don a tabbatar ba tursasa ta aka yi ba. A 2012 kotun ƙolin ƙasar ta ce in an ji wa mace rauni a gida, shari'a za ta ci gaba ko da ba ta so. A 2018 aka faɗaɗa wannan zuwa dukkan laifukan fyaɗe.

Ba ina cewa mu kwafo dokokinsu na aure da iyali ba ne, al'adarmu daban, addininmu daban. Hikima guda nake so mu gani, wadda malamanmu suka riga su faɗa: in ka bar mabuɗin shari'a a hannun mai rauni, ka nuna wa masu ƙarfi ƙofar da za su je su ƙwanƙwasa. In kuwa kowa a gari ya san cewa ko uba ya yafe shari'a ba za ta tsaya ba, zuwa wurinsa ya zama ɓata lokaci. Zai iya kallon dattawa cikin ladabi ya ce, "Baba, wallahi ba a hannuna take ba, tana hannun hukuma," ya zauna lafiya da maƙwabtansa. Cire masa wannan iko taimakonsa ne.

Akwai ƙorafi mai nauyi a kan wannan ra'ayi, kuma ba zan raina shi ba. Ana cewa in mutane suka san ƙara ba ta janyuwa, ba za su kai ta ba tun farko. Alƙali ɗaya tilo da ya saɓa wa sauran a hukuncin Birazil na 2012, shugaban kotun na lokacin Cezar Peluso, wannan ce hujjarsa. A wurinmu ma haɗarin ya fi girma, domin abin kunya a ƙauye ba ƙaramin abu ba ne. Amsata ita ce, abin da ke hana uba kai ƙara a yau shi ne abin da ya gani ya sami wanda ya kai kafin shi: ya yi asarar kuɗi, an yi ta nuna 'yarsa da baki, a ƙarshe ga mai laifin yana yawo. In ya ga an kai ƙara ɗaya a garinsu, gwamnati ta ɗauki nauyinta, an gama cikin watanni, an ɗaure wanda ya yi, lissafinsa zai canja. Saboda haka hana janyewa ba zai yi amfani shi kaɗai ba, zai ma iya zama zalunci, in aka bar wahalar shari'ar a wuyan talakan kamar yadda take. Dole a haɗa biyun. Wasu kuma za su ce ai ana yi wa mutane ƙage. Ana yi. To wanda aka yi wa ƙage, kotu ce za ta wanke shi. Sulhun zaure ba ya wanke kowa, wanda aka biya kuɗi a kansa zai mutu da tabon.

Kada a fahimce ni a kan ina gaba da sulhu. Rikicin iyakar gona, rabon gado, bashi, ɓarnar da shanu suka yi a gona, saɓanin miji da mata da bai kai ga rauni ba, duk waɗannan mai unguwa da dagaci da zauren sulhu na Hisba sun fi kotu iya kashe su, cikin sauri da araha, zumunci bai lalace ba. Waɗannan haƙƙoƙi ne na manya masu hankali, kowa na iya sarayar da nasa. Yarinya 'yar firamare ba ta cikin wannan lissafi, kuma mutuncin sarautun gargajiya ne ke zubewa duk lokacin da aka ga mai rawani a gaban tawagar da ta je roƙa wa mai fyaɗe. Ya kamata masarauta ta fito fili ta gaya wa hakimai da dagatai da masu unguwanni cewa aikinsu a irin wannan lamari shi ne su raka yarinya asibiti a daren, su kai rahoto, kuma wanda aka samu yana jagorantar sasantawa rawaninsa ne a kai.

Cewa shari'a a Najeriya ba ta sauri, wannan ma ba ƙaddara ba ce. Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano, an gano gawarta a Janairun 2022, kuma kafin ƙarshen Yulin shekarar babbar kotu ta yanke hukuncin kisa. Wata shida. An yi haka ne saboda idon duniya na kai, gwamnati ta ɗauki shari'ar tamkar tata. 'Yar manomin Dagumawa ba za ta sami kyamarori a ƙofar kotu ba, don haka ita tsari take buƙata wanda zai yi aiki ko ba wanda ke kallo. A ɗaure ma'aikatar shari'a da wa'adin fitar da shawara a kan fayil ɗin yara. A ware alƙalan da za su riƙa sauraren irin waɗannan shari'u a jere ba tare da dogon ɗagewa ba.

Mafi muhimmanci a ganina shi ne a daina jingina shari'ar a kan zuwan yarinya kotu sau goma. Sifaniya ta yi doka a 2021 da ta wajabta a ɗauki shaidar yaron da bai kai shekara 14 ba sau ɗaya, a bidiyo, ƙarƙashin kulawar alƙali, lauyan wanda ake tuhuma yana da damar a yi tambayoyinsa, sannan a yi amfani da wannan a ranar shari'a. A yankin Kataloniya na Sifaniyar, tun 2020 suka buɗe wani gida a birnin Tarragona inda likita da ɗan sanda da mai kula da tunanin yara ke haɗuwa a wuri guda, yaro ya faɗi abin da ya same shi sau ɗaya ya huta, tsarin da aka fara a Aisland a 1998. Mu ma muna da tushen irin wannan: cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala a Kano tana duba waɗanda aka yi wa fyaɗe. Amma jiha mai ƙananan hukumomi 44 ba za ta dogara da ɗaki ɗaya a cikin birni ba. In aka sami ɗaki irinsa a babban asibitin Wudil, da ma'aikaciyar jinya mace da aka horar, da magani da takardar likita kyauta, zai ɗauki mutanen Wudil da Garko da Gaya da Ajingi da Albasu. In aka ɗauki shaidar yarinya a makon farko aka adana, ko an matsa wa iyayenta daga baya, shari'ar tana da ƙafar tsayawa.

Saura kuɗin mota, wanda masu manyan ofisoshi za su ga ƙaramin abu ne, alhali a kansa shari'u da yawa ke faɗuwa. Shaidan da gwamnati ta kira, gwamnati ce ya kamata ta kawo shi ta mayar da shi gida. Tun watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye. Ƙaramar hukumar Wudil tana da sashen walwalar jama'a da ma'aikata a cikinsa. Za ta iya ware wani ɗan kaso ta ce duk iyalin da ke da shari'ar fyaɗen yaro, ma'aikaciyar walwala ce za ta raka su kowane zama, a motar hukuma, ta riƙe lambar fayil ɗinsu, ta riƙa bibiyarsa a Bompai da ma'aikatar shari'a. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka daga Abuja, ko jiran majalisar jiha. Kansilan Dagumawa na iya gabatar da ƙudurin a zaman majalisar ƙaramar hukuma, shugaban ƙaramar hukuma ya sa shi a kasafin kuɗin baɗi.